Rediyon da Ba Shi da Filafili

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ruwa daga tashar Yelwa ko ta Warra ya san wata ƙa'ida da ba a rubuta ta a takarda ba. Komai ƙarfin injin da aka ɗaura a bayan jirgi, komai sabuntarsa, matuƙin da ya san ruwa ba ya barin gaɓa sai da filafili kwance a ƙarƙashin benci, da ƙwarya ko tsohuwar roba ta kwarfe ruwa. Inji yana iya mutuwa a tsakiyar tafki, ciyawa tana iya naɗe farfela, mai yana iya ƙarewa iska na kaɗawa. Filafilin nan zai yi wata shida ba a taɓa shi ba, amma babu Basarken da zai kira shi asarar kuɗi.

Wannan ilimi da masunta da matuƙa suka gada ba tare da shiga aji ba, shi ne ya gagari da yawa daga cikin masu riƙe da gidajen rediyo a Arewa, na gwamnati da na 'yan kasuwa. Ana zuba miliyoyi a ɗakin watsa shirye-shirye mai sanyi da fitilu, a gayyato manya su yanke ƙyalle, a ɗauki hotuna, sannan a rataye dukan wannan dukiya a kan kwamfuta ɗaya, janareta ɗaya, layin sadarwa ɗaya da na'urar watsawa ɗaya. Ranar da guda ta tsaya sai tasha ta yi tsit, a ce matsalar na'ura ce, a ba masu sauraro haƙuri idan an tuna. A Kano ko Birnin Kebbi wannan shiru ɓacin rai ne kawai, mutum ya murɗa akwatinsa ya kama wata tashar. A ƙauyukan bakin tafkin Kainji kuwa, a Ngaski da Shanga da tsibiran da ruwa ya rage, shirun yana iya faɗawa a daidai sa'ar da ake buƙatar jin cewa ruwa na tafe. Don haka gidan rediyon da ya karɓi lasisi da sunan hidimar jama'a, amma bai yi tanadin ko-ta-kwana ba, ya ci amanar lasisinsa, hukumar da ta ƙyale shi a haka kuma ta taya shi ci.

Sarƙar da ke tsakanin makirufo da kunne

Shekaru talatin da suka wuce, abin da ke fita a rediyo yana hannun mutum ne. Mai gabatarwa yana gaban makirufo, ma'aikacin na'ura yana sauya kaset ko faifai. Yau kusan kowace tasha tana da kwamfutar jera shirye-shirye. Ana zuba mata wa'azi da labarai da tallace-tallace da sanarwa, a tsara mata jadawali minti bayan minti, ita kuma ta riƙa sakin kowane shiri a kan lokacinsa ko da babu kowa a ɗakin. Daga kwamfutar sauti yake wucewa teburin haɗa murya, daga nan ya bi wata hanya, ko waya ko igiyar iska ko intanet, zuwa inda na'urar watsawa take. Ita ce ke tura shi saman dogon ƙarfe, eriya ta baza shi. Kowane mataki a cikin waɗannan yana shan wuta. Sarƙa ce mai gaɓa biyar ko shida, kuma tsinkewar gaɓa ɗaya daidai take da tsinkewar duka, domin mai sauraro a tungar masunta ba ruwansa da wadda ta tsinke.

Injiniyoyin wannan sana'a sun daɗe da samun magani, kuma maganin kashi uku ne. Na farko shi ne ninki: kowace gaɓa mai muhimmanci a yi mata 'yar'uwa. A ajiye kwamfuta ta biyu tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ta farko, da jadawali iri ɗaya da shirye-shirye iri ɗaya. A sami hanya biyu tsakanin ɗakin watsawa da dogon ƙarfe. A ajiye ƙaramar na'urar watsawa kusa da babbar. Tashar da ke da zango da yawa ba sai ta ninka kowanne ba, na'ura guda da za a iya juya ta ga duk zangon da ya mutu ta wadatar.

Na biyu shi ne miƙa ragama ba tare da jiran mutum ba. Akwai wani ɗan akwati da aikinsa kawai shi ne sauraro. Idan ya ji shiru ya wuce adadin daƙiƙun da aka ɗibar masa, 15 ko 30, sai ya ɗauke layin daga kwamfutar da ta mutu ya miƙa wa mai rai, ya kuma aika saƙo zuwa wayar injiniya. A ɓangaren wuta ma haka ne: batura su riƙe na'urori a 'yan daƙiƙun da ke tsakanin ɗaukewar lantarki da tashin janareta, domin kwamfutar da ta mutu kwatsam takan ɗauki mintuna kafin ta farfaɗo, wani lokaci ma ba ta farfaɗowa.

Na uku, wanda aka fi sakaci da shi, shi ne gwaji. Na'urar ko-ta-kwana da ba a taɓa kunna ta ba, zato ne kawai ake ajiye da shi a cikin akwatin ƙarfe. Batir yana lalacewa a zaune, janaretan da ya yi wata uku bai tashi ba yana iya ƙin tashi, kwamfuta ta biyu tana iya kasancewa da jadawalin bara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Darasi daga inda kuɗi ba matsala ba ne

Ranar 11 ga Satumba 2001, kusan dukan manyan tashoshin talabijin na birnin New York suna watsawa ne daga eriyar da ke kan ɗaya daga cikin tagwayen gine-ginen da aka kai wa hari. Da ginin ya tafi, suka ɓace daga akwatunan duk masu kama su ta eriya, a ranar da mutanen birnin suka fi buƙatar labari. Tashar WCBS ta ci gaba da fita, saboda ta ajiye wata na'urar a kan ginin Empire State tana kula da ita shekara da shekaru, alhali ba a amfani da ita.

Bayan shekara ashirin, ranar 25 ga Satumba 2021, na'urar kashe gobara ta tashi a cibiyar kamfanin Red Bee Media da ke yammacin Landan, inda ake sarrafa fitar shirye-shiryen tashoshi da dama na Birtaniya. Ƙarar iskar da ta fesa ce ta lalata rumbunan ajiyar kwamfutocin. BBC ta mayar da aikinta Salford cikin gaggawa. Channel 4 ma ta koma wurinta na ko-ta-kwana, amma sai aka tarar wurin ba ya iya fitar da rubutun da kurame ke karantawa a ƙasan allo. Kusan mako huɗu kurame suna kallon baki na motsi babu rubutu, kuma hukumar Ofcom mai kula da kafafen watsa labarai ta yanke hukuncin cewa tashar ta saɓa sharuɗɗan lasisinta. Abin lura a nan shi ne, an yi tanadin, amma ba a yi shi da kowa a zuciya ba, kuma waɗanda aka manta da su su ne masu ƙaramar murya.

Misali na uku ya taɓa aljihun 'yan Najeriya kai tsaye. Ranar 14 ga Maris 2024, manyan wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku suka lalace a lokaci guda daura da gaɓar Kwaddibuwa. Bankuna da kamfanonin sadarwa da suka ɗauka sun yi ninki, tun da suna da kwangila da waya fiye da ɗaya, suka wayi gari suka gane cewa duk wayoyin wuri ɗaya suke bi. Manomi ya riga injiniya sanin wannan: rumbu biyu da ke jingine da juna, gobara ɗaya ce ke cinye su. Tashar da ta sayi kwamfuta biyu ta jona su a soket ɗaya, ko ta sayi layin intanet biyu daga kamfanonin da ke kan turke ɗaya, ta biya kuɗin ninki ba ta sami ninki ba.

Ƙasar da ta ba da ruwa, ta zauna a duhu

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Tafkin da ya taru a bayanta ya miƙe fiye da kilomita 130 zuwa arewa, ya haɗiye tsohon garin Bussa da gonaki da tsibirai, aka tashi mutane kimanin 44,000 aka sake musu matsuguni. Gungawa da Kambari da sauran al'ummomin ƙasar Yauri suna cikin waɗanda suka bar kushewar iyayensu a ƙarƙashin ruwa domin Najeriya ta sami lantarki. Injinan da aka kafa a madatsar an tsara su ne su ba da megawat 760. Daga nan babban layi ya tashi zuwa Birnin Kebbi, wani kuma ya zarce har Yamai.

Duk da haka, babu mai gidan rediyo a jihar Kebbi da zai iya dogara da wannan wuta. A tsakiyar Satumba 2023, cikin mako guda, babban layin lantarki na ƙasa ya durƙushe bayan gobara a kan layin Kainji zuwa Jebba, sannan wata gobarar ta kama tashar rarraba wuta ta Birnin Kebbi, ta jefa sassa masu yawa na Kebbi da Sakkwato da Zamfara cikin duhu. A 2024 babban layin ya faɗi fiye da sau 10. A Oktoban wannan shekara aka ga abin da ya fi komai kama da darasin aji: an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, nauyin Arewa ya koma kan layin da ya biyo ta Binuwai, shi ma ya katse, jihohi da dama suka yi fiye da mako guda babu wuta. Janareta kuwa, wanda a littafi shi ne ko-ta-kwana, a Najeriya ya zama shi ne uwar wuta. Da farashin man dizal ya ninka fiye da sau biyu a 2022, tashoshi da dama suka rage sa'o'in aikinsu. Idan na'urar ko-ta-kwana ita ce ke aiki dare da rana, to a gaskiya babu ko-ta-kwana.

Sai kuma nisa. Tsakanin Yauri da Birnin Kebbi kusan kilomita 200 ne, zangon FM kuwa ba ya lanƙwasa ya bi doron ƙasa, yana tafiya ne iyakar inda tsawon eriya da ƙarfin na'ura suka kai shi. A da, abin da ke cike wannan giɓi shi ne gajeren zango da matsakaicin zango. Rediyon Kaduna, da aka kafa a 1962, ta yi zamanin da manyan na'urorinta na Jaji ke kai muryarta har bayan iyakokin Najeriya, masunci a kan tafki da makiyayi a daji suna kama ta da batir biyu. Waɗannan na'urori sun tsufa, gajeren zangon ya sha ɗaukewa na dogon lokaci. An koma FM saboda tsabtar sauti da sauƙin kuɗi, amma ba a tsaya an tambayi wa aka bari a baya ba.

Waɗanda aka bari ɗin kuwa su ne suka fi kowa buƙatar sanarwa. Kogin Kwara yana cika sau biyu a nan: farin ruwa na damina, wanda ke zuwa da laka daga ruwan saman da aka yi a kusa, da baƙin ruwa da ke isowa cikin hunturu bayan doguwar tafiya daga tsaunukan Gini. Idan tafki ya cika ruwa yakan koma baya ya hau fadamu. A 2020 ambaliya ta shafe ɗaruruwan dubban hekta na shinkafa a jihar Kebbi. Manomin da ya ji gargaɗi da kwana uku yana iya yanke abin da ya nuna, ya kwashe awaki da yara. Wanda bai ji ba sai dai ya tsira da rigar jikinsa.

Kiɗan da ke rufa wa gawa asiri

Akwai wata irin gazawa da ta fi shiru muni, domin tana kama da nasara. Ranar 14 ga Maris 2025 shugaban Amurka ya sa hannu a kan umarnin da ya durƙusar da Muryar Amurka, washegari aka ce wa mafi yawan ma'aikatanta su zauna a gida. Sashen Hausa, wanda ke watsa shirye-shirye tun 1979, ya tsaya cak. Masu sauraro a Najeriya da Nijar da suka murɗa akwati a lokacin da suka saba, sai suka ji kiɗa a madadin labarai. Ta fuskar na'ura komai ya tafi daidai: shiri bai zo ba, kwamfuta ta cike gurbin, ba a bar iska fanko ba. Ta fuskar ɗan Adam kuwa, an bar miliyoyin mutane suna tambayar juna abin da ya faru. A wannan yanki kiɗa a gurbin labarai yana da tarihi. Tun ranar 15 ga Janairu 1966, da Manjo Nzeogwu ya yi jawabinsa ta Rediyon Kaduna, mutanen Arewa suka koyi cewa idan shirin da aka saba ya ɓace aka sa kiɗa, to a shiga taitayi.

Ga tashoshin gida, wannan ne haɗarin da ke ɓoye cikin kwamfutar jera shirye-shirye. Ta ba masu tasha damar sallamar ma'aikatan dare, a kulle ƙofa da ƙarfe goma, a bar na'ura tana juya waƙoƙi da tsofaffin wa'azozi har asuba. Mai sauraro yana jin murya, yana zaton akwai mutum. Amma da dare ne hadari ke tasowa a kan tafki, da dare ne kogi ke ƙaruwa, da dare ne ake ganin babura a bakin daji. Idan jami'in agaji ko hakimi ya buga waya da ƙarfe biyu na dare yana da sanarwa, wa zai ɗauka? Tashar da ke kan iska amma babu mai iya katse kiɗanta ya yi magana, a wannan sa'a ba ta da bambanci da wadda ta mutu, sai dai ita tana yaudara.

Saboda haka mutum ma yana cikin lissafin ninki. Dole a sami wanda ke farke, ko aƙalla wanda ke iya shiga layin daga wayarsa ya yi magana cikin mintuna biyar. Kuma abin da ɗan akwatin sauraro zai saka idan komai ya mutu bai kamata ya zama kiɗa zalla ba. A naɗi murya tana faɗin sunan tashar, tana cewa an sami matsalar na'ura, gari lafiya, ga zangon da za a koma. A faɗe shi da Hausa, a maimaita da harshen Gungawa da na Kambari da na Shangawa. Wanda ya yi tanadi da Hausa kawai a ƙasar Yauri ya maimaita kuskuren da aka yi wa kuramen Birtaniya.

Uzurorin da aka saba ji

Za a ce babu kuɗi, kuma akwai gaskiya a ciki. Talla ta yi ƙaranci, gwamnatocin jihohi suna ba gidajen rediyonsu abin da bai taka kara ya karya ba. A Agusta 2022 hukumar NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashin da ya kai naira biliyan 2.6, cikinsu har da na gwamnatocin jihohi da dama, kafin daga baya ta janye. Amma wanda ya duba sarƙar gaɓa-gaɓa zai ga cewa mafi yawan tanadin ba shi ne mai tsada ba. Kwamfuta ta biyu da ɗan akwatin sauraro da batura, a haɗe, ba su kai kuɗin motar ofis ɗaya ba. Ƙaramar na'urar watsawa mai 'yan ɗaruruwan wat tana iya tafiya da hasken rana da batura, kuma tashar da ta rage ƙarfi ta riƙe gari da kewayensa ta fi wadda ta mutu ɗungurungum. Abin da ya hana a saya shi ne, na'urar ko-ta-kwana ba ta da ƙyallen yankawa. Ba a gayyatar gwamna buɗe batir. Amfaninta yana bayyana ne a matsayin masifar da ba ta auku ba, ita kuwa masifar da ba ta auku ba ba ta shiga jawabin cika shekara.

Za a ce waya ta maye gurbin rediyo. Waya tana buƙatar turke, turke yana buƙatar dizal, mai waya yana buƙatar caji da kuɗin data, sau da yawa da iya karatu. A Satumba 2021 gwamnati da kanta ta rufe layukan waya a dukan jihar Zamfara, sannan a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, da sunan yaƙi da 'yan bindiga. A waɗannan makonni, akwatin rediyo ne kaɗai tagar da ta rage wa mutane da yawa. Ƙasar Yauri ba baƙuwar wannan masifa ba ce. Ranar 17 ga Yuni 2021 aka kwashe ɗalibai da malamai daga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, wasu daga cikin 'yan matan sai a 2023 suka dawo hannun iyayensu. A irin wannan rana waya ita ce ke baza jita-jita cikin minti guda, daga hoto na ƙarya zuwa muryar da ba a san mai ita ba. Abin da ke iya tsayar da jita-jita shi ne murya guda da jama'a suka sani, suka kuma tabbata za su same ta idan sun murɗa.

Za a ce, a ƙarshe, rediyo ba ya hana jirgi kifewa. Haka ne. Jirgin da ya tarwatse kusa da Warra ranar 26 ga Mayu 2021 da mutane fiye da 150, aka ceto kimanin 20, lodi da tsufa ne suka kashe shi. Wanda ya kife a ruwan Yauri a farkon Oktoba 2023 da 'yan kasuwa ma ba rashin sanarwa ba ne kaɗai sanadinsa. Maganin waɗannan shi ne jirage masu ƙwari, rigunan ruwa, tumɓuke kututturan da tafki ya binne, da jami'an da za su hana lodi. Sai dai hukumar NiMet tana fitar da hasashen iska da hadari, hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, hukumar NIWA ta haramta tafiyar dare a kan ruwa. Duk wannan takarda ce a Abuja da Lokoja har sai ta shiga kunnen matuƙi a bakin gaɓa. Bayan an yi haɗari kuma, uwar da ke ƙauye tana jiran jin sunayen waɗanda aka ceto da asibitin da aka kai su. Rediyo gaɓa ɗaya ce a sarƙar tsira, kuma an riga an faɗi abin da ke faruwa da sarƙa idan gaɓa ɗaya ta tsinke.

Abin da ya rage a yi

Hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992, ta nuna tana da kunne. A Maris 2019 ta ci tarar tashoshi 45 naira 500,000 kowace a kan abin da suka watsa lokacin zaɓe. Hukumar da ke jin kalmar da ta fita daga bakin ɗan siyasa tana iya jin shirun sa'a shida. Ta wajabta wa kowace tasha rubuta duk mintin da ta ɓace daga iska da dalilinsa, ta buga lissafin kowane wata uku, jiha-jiha, yadda jama'a za su san tashar da za su dogara da ita, masu talla kuma su san abin da suke saya. Ta kuma sa shirin ko-ta-kwana, wanda aka gwada a gaban jami'inta, ya zama sharaɗin sabunta lasisi.

Majalisar dokokin jihar Kebbi kada ta amince da kuɗin gyaran gidan rediyo ko talabijin sai an nuna mata, layi-layi, nawa aka ware wa ninki, nawa aka ware wa kayan gyara da horar da injiniyoyi na shekaru biyar. A tabbatar da cewa kudancin jihar yana da na'urar watsawa da ke tsaye da ƙafarta a kan hasken rana, wadda za ta iya magana daga Yauri ko da an yanke ta daga Birnin Kebbi. Hukumar HYPPADEC, da aka kafa domin al'ummomin da madatsun ruwa suka shafa, da kamfanin Mainstream da ke gudanar da Kainji tun 2013, suna da hujjar sa hannu a aljihu, domin su ne suka fi kowa sanin ranar da tafki zai cika. A rubuta yarjejeniya tsakaninsu da hukumar agajin gaggawa ta jiha da masarauta da tashoshi: wa ke kiran wa, a wace lamba, cikin minti nawa sanarwa za ta fita, kuma idan tasha ɗaya ta mutu wace ce za ta ɗauki saƙonta. Tun 2015 gwamnatin tarayya ta fara ba da lasisin rediyon al'umma, kuma da wuya a sami wurin da ya fi bakin tafkin Kainji cancanta.

Gwajin duk wannan ba shi da wuya. A zaɓi rana guda cikin rani, kafin hadarin farko. Maimakon almakashi da ƙyalle, a miƙa wa kwamishina filogin babbar kwamfuta ya zare da hannunsa a gaban 'yan jarida, sannan a kashe janareta. A ajiye mutum guda a bakin ruwa a Warra da akwatin rediyo da agogo, ya ƙirga daƙiƙun da za su wuce kafin murya ta dawo, a buga adadin a jarida, a maimaita baɗi.